Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin ginin masallatai da makarantun Islamiyya na Jos: ku naɗa manajan aiki kafin a sa diga a ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin kwamiti, ma'aji da sakatarori, da alhazai da hajiyoyin da ke zuba dukiyarsu fi sabilillahi, muna gaishe ku da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Masu wannan takarda 'ya'yanku ne da ƙannenku da ke cin abinci a sana'ar gini a garin nan, kuma magana ɗaya ce ta kawo mu.

Ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024, ginin wata makaranta mai bene ya rufta a Busa Buji yara na cikin aji, mutum 22 suka rasu. Babu ɗan Jos da ya manta. Mun ambaci wannan rana ne saboda daga Anguwan Rogo zuwa Rikkos, daga Gangare zuwa Bukuru, akwai benayen Islamiyya da masallatai masu hawa da ke tashi da kuɗin taimako, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, kuma idan ka tsaya a bakin aikin ka tambaya, "Wa ke riƙe da ginin nan?" ba za ka samu amsa ɗaya ba. Shugaba zai ce kuɗi na hannun ma'aji. Ma'aji zai ce birkila ne ya san aiki. Birkila zai ce shi abin da aka ba shi yake aiki da shi. Injiniyan da ya yi zane kuwa, tun ranar da aka karɓi takardu ba a sake kiransa ba.

Wannan gurbi da ya zama ba kowa a cikinsa shi ne na manajan aikin gini.

Mu bambanta ayyukan, don ana yawan cakuɗa su. Akitek shi ke zana fasali da tsarin ɗakuna, hukumarsu ARCON. Injiniya shi ke lissafin ƙarfin fandisho da fila (ginshiƙi) da bim (kankaren da ke kwance a kan filoli yana ɗauke da dekin) da dekin, ya ce rodi kaza za a sa a wuri kaza, hukumarsu COREN. Mai ƙididdigar kaya shi ke fitar da adadin siminti da rodi da bulo da kuɗinsu. Magini mai rajista da CORBON shi ya karanci yadda ake tafiyar da ginin kansa a fili. Manajan aiki shi ne wakilinku a tsakiyar waɗannan duka. Shi ke riƙe da jadawalin lokaci, da littafin kuɗi, da ingancin abin da ake zubawa, kuma shi kaɗai ke ba ɗan kwangila da leburori umarni. A ginin da bai wuce hawa biyu ko uku ba, ba sai kun nemo mutum na daban ba: injiniya ko magini mai rajista zai iya riƙe wannan matsayi. Ku nemi lambar rajistarsa, ku tabbatar da ita a wajen hukumarsa. Hular kwano da takalmin aiki kowa na iya saya a kasuwa.

Sharaɗi biyu ne ba a sassauta su. Kada ya zama shi ne ɗan kwangilar, kuma kada ya zama shi ke sayar muku da kaya ko yake karɓar la'ada a wajen mai sayarwa. Wanda ribarsa ke cikin rage buhu goma ba zai kama kansa ba. Ku biya shi lada yankakke, a rubuce, a rarraba bisa matakan aiki. In kun biya shi a wata, jinkiri ya zama ribarsa. In kun biya shi kaso na abin da aka kashe, tsada ta zama ribarsa. Mun san za a ce aikin Allah ne, a nemi ɗan unguwa ya yi kyauta. Ladan niyya yana nan, amma mai aikin kyauta yana zuwa ne ranar da ya samu sarari, kankare kuwa ba ya jiran Asabar. Kuma kwamiti na jin nauyin tuhumar wanda bai biya ba.

Aikinsa na farko yana farawa tun fili na ciyawa. Zai zaunar da ku ya tambaya: hawa nawa kuke nufi a ƙarshe, ko da bayan shekara goma ne? Kuma me za a yi a saman? Tambayar ba ta ado ba ce. Ƙa'idar da injiniyoyinmu ke bi tana lissafa wa ɗakin kwana nauyin jama'a da kaya kimanin kilo 150 a kowace murabba'in mita, ajin makaranta kimanin kilo 300, zauren taro da ake cika shi a tsaye ko a sahu kimanin kilo 500. Wato gidan zama da aka bayar waƙafi aka mayar da samansa azuzuwa an ninka masa kaya, in kuma aka mayar da shi wurin sallar Juma'a ko tafsirin azumi, an ninka fiye da sau uku. Dekin kansa mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a murabba'in mita, don haka rufin aji ɗaya mai mita 7 da 8 ya kai tan 20 kafin yaro ɗaya ya hau. Tankin ruwan alwala mai lita 1,000 tan ɗaya ne cur, kuma galibi ba ya cikin zane, daga baya ake ɗora biyu ko uku a inda aka ga dama.

Sai ƙasa. Jos ba kamar sauran garuruwa ba ce. An shafe shekaru da dama ana haƙar kuza a wannan tudu, kuma ta bar kududdufai da ramuka da tarin ƙasar da aka tone aka mayar, musamman ta wajen Bukuru da Rayfield. Wani fili a ido lafiyayye ne, alhali ciko ne. Wani kuma rabinsa dutse ne rabinsa laka, kuma wannan ya fi haɗari, domin ɓangare ɗaya zai tsaya cak ɗayan ya nitse, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga. Filayen bakin rafin Dilimi da inda ambaliyar 2012 ta bi suna da tasu matsalar ta ruwan ƙasa. Manaja ba zai bar a yi zanen fandisho ba sai an yi gwajin ƙasa, sannan ya kai zanen hukumar JMDB, mai kula da tsarin gine-ginen birnin Jos, a samu izini kafin a fara haƙa. Kuɗin gwajin bai kai na tifar rodi ba.

Yanzu ga inda aikin kwamiti ya bambanta da na attajiri mai gina gidansa: kuɗi na zuwa ne a gutsure. Ana samu sosai a azumi da ranar gidauniya, sai a yi wata huɗu shiru. Manajan da ya san aikinsa zai yanka ginin gida-gida yadda kowane mataki zai iya tsayawa da kansa ya sha damina ba tare da ya lalace ba, kuma ba zai fara matakin da kuɗinsa bai cika ba. Fandisho zuwa daɓen ƙasa mataki ne. Filoli da bulo zuwa linta mataki ne. Dekin mataki ne da ba a raba shi: ko a zuba shi gaba ɗaya, ko a tsaya daidai inda injiniya ya nuna tun a takarda. Zai tsara haƙa da fandisho su faɗo a rani, domin daminar Jos daga Afrilu take har Oktoba, kuma ramin da ya kwana da ruwa a Agusta gefensa na zubewa, ƙasan ya yi laushi. Zai sa hutun salla da lokacin da leburori ke komawa gona a cikin lissafi. Rodin da aka bari tsaye a kan dekin don hawa na gaba, zai sa a shafe shi da ruwan siminti ko a lulluɓe shi, in ba haka ba bayan damina uku tsatsa ta cinye wuyansa daidai inda ya fito daga kankare.

Gudummawar kaya ma sai da dabara. Bawan Allah zai aiko da buhu 300 na siminti a watan azumi, alhali ba za a zuba dekin ba sai bayan babbar salla. Siminti ba ya son ajiya. Ko a busasshen sito, a kan katako, nesa da bango, ba a jera fiye da goma ba, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, kuma wanda ya yi ƙulalai da ba sa murƙushewa da yatsa ya tashi daga na dekin. Aikin manaja ne ya je da ladabi ya roƙi mai kyautar a bar kayan a wajen dila da takarda, a riƙa ɗauka daidai bukata. Haka in aka kawo rodi iri-iri daga hannu daban-daban, ba za a ce tunda sadaka ce a cusa shi ko'ina ba.

Rodi shi ne inda aka fi cutar kwamitoci, domin ido ba ya rabe milimita ɗaya. Ga gwajin da ko ma'aji zai iya yi: a yanko mita ɗaya a ɗora a sikeli. Mai lamba 10, wato kaurin milimita 10, ya ba da kimanin giram 620, mai 12 giram 890, mai 16 kilo 1.58. Cikakken sanda mita 12 ne, kuma tan ɗaya na mai 12 sanda 93 ko 94 ne. Duk wanda ya ba ku sanda ɗari da goma a tan, ba alheri ya yi muku ba, siririn rodi ya ba ku. In mai 12 ya zo a 11, an rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen. In aka musanya 12 da 10 don a yi sauƙi, an rasa kashi 30. A babban aiki manaja zai aika gutsattsari ɗakin gwaji a ja su a ga inda suke tsinkewa. Yashi kuma a zuba shi a kwalba da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a sama a fili. In kaurinta ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, a mayar da tifar. Bulo, a tambayi mai bugawa guda nawa yake fitarwa a buhu. Na inci 9 da aka fitar da arba'in da biyar ko hamsin a buhu ɗaya, ka goga gefensa da babban yatsa za ka ga yana zuba.

Bari mu tsaya a kan ranar zuba dekin, domin a nan ake gane ko akwai manaja ko babu.

Aikin ranar tun jiya yake farawa. Manaja zai kira injiniya su hau kan katako da zane a hannu su ƙirga: kaurin rodi, tazarar da ke tsakani, ringin bim ko an matse su kusa da fila kamar yadda aka zana, haɗin sanda da sanda ko ya hau juna isasshe, wanda a bisa al'ada ninki 40 zuwa 50 ne na kaurin rodin, wato kusan santimita 60 ga mai 12. Za su duba biskit, waɗannan 'yan gutsattsarin kankare da ake sa wa a ƙarƙashin rodi don ya tashi daga katako da santimita 2 zuwa 2.5. In babu su, rodi zai kwanta a fatar dekin, ruwa ya same shi, ya yi tsatsa ya kumbura, bayan 'yan shekaru kankare ya riƙa ɓantarewa yana faɗo wa yara a ka. Za su duba baranda mai lilo, wadda ba fila a bakinta: ita rodinta a sama yake aiki, kuma mai ɗaurin da ya saba sa rodi a ƙasa zai sa shi a ƙasa in ba a tsaya a kansa ba. Za su duba gorar tokara, ko tana kan katako mai faɗi ko an kafa ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko an ɗaure ta da juna. Mai wuta da mai famfo su gama shimfiɗa bututunsu a ranar, in ba haka ba sati mai zuwa za ku tarar da yaro da guduma da kurfi yana huda bim. Sai injiniya ya sa hannu, sannan a kira injin kwaɓa.

Da safe manaja zai ƙirga siminti kafin a fara. Azuzuwa uku da baranda kimanin murabba'in mita 200 ne, kankare kubik mita 30, wato kusan buhu 200 a haɗin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu), ban da bim. In buhu 150 ne a ƙasa, ba za a fara ba, ko da an riga an dafa abincin ma'aikata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke faruwa in aka fara shi ne, da la'asar helma, shugaban leburori, zai hango siminti na ƙarewa, ya yi wa mai injin ido, a ƙara tsakuwa da yashi, kuma ɓangaren da aka zuba a ƙarshe ya fito da rabin ƙarfi ba wanda ya sani. Ma'aunin a bayyane yake: buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas, a shafe, ba a tula ba. Ruwa jarka ɗaya mai lita 25 ga buhu, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Masu ɗauka sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin juyewa, kuma wannan ƙarin ruwan shi ne ɓarawon ƙarfin kankare na ɗaya. Dole a ajiye mutum ɗaya a bakin injin tun safe har dare, ba ya komai sai ƙirga. Baibireta ta kasance da mai, da ta ko-ta-kwana in da hali, don ita ke fitar da iska ta hana kankare yin saƙar zuma a jikin bim.

Aikin gayya abin alfahari ne, kuma matasan unguwa na rage kuɗin lebura sosai. Amma mutum sittin da kwano a ka suna tattaka rodi za su danne na sama ya koma ƙasa cikin awa ɗaya. A shimfiɗa musu katakon bi, a sa mai ɗaurin rodi yana gaban masu zubawa yana gyarawa. Ɗaliban Islamiyya kuwa, a sallame su ranar. A cika 'yan akwatunan gwaji masu santimita 15 da kankaren da ake zubawa, a rubuta kwanan wata, a kai a fasa wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana 7 kan ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe, don haka tun a nan za a san ko akwai matsala kafin a ɗora bulo a sama.

Bayan zubawa, ban ruwa aƙalla kwana bakwai, safe da yamma, ko a rufe da jiƙaƙƙun buhuna. A hunturun Jos abu biyu ke haɗuwa: busasshiyar iska na tsotse ruwan saman dekin ya yi tsaga-tsaga, sanyin dare kuma na jinkirta kamawarsa. Kafinta zai matsa a ba shi katakonsa da gorarsa don wani aikin na jiransa. Gefen fila da bim ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokarar ƙarƙashin dekin ta yi sati biyu, ta bim sati uku, a Disamba da Janairu a ƙara, kuma ranar cirewa manaja ne zai faɗa da izinin injiniya. A tsawon wannan lokaci ba karatu, ba salla a ƙarƙashi, kuma ba a jibge bulo dubu a tsakiyar sabon dekin.

Maganar kuɗi gajeruwa ce in an bi ta. Ba a biya sai an auna abin da aka yi, manaja ya sa hannu, sannan ma'aji ya fitar. Kuɗin kafin alƙalami ya tsaya daidai kayan da za a gani a fili. A riƙe kashi 5 cikin ɗari na kowane biya, a saki rabi ranar miƙa aiki, sauran bayan wata shida, kuma mu a ganinmu wata shidan nan ya haɗa da damina, don rufi da magudana ba a san halinsu a rani. A ware kashi 10 na ko-ta-kwana, ganin yadda farashin siminti da rodi ke motsi. Littafin sito ya kasance a hannun wanda ba shi ke sayo kaya ba. Kowace rana a rubuta ma'aikata nawa, buhu nawa ya fita, me aka yi, a ɗauki hoto da waya kafin kankare ya rufe rodi.

Akwai abin da ya fi duk wannan wuya, kuma sai ku iyayenmu za ku iya shi. Babban mai ba da gudummawa zai zo zagaye bayan sallar Juma'a, ya ce filar nan ta tsakiya tana raba sahu, a cire ta, ko ya ce tunda Allah ya hore a ƙara hawa ɗaya. Birkila ba zai iya ce masa a'a ba, shugaban kwamiti ma yana jin kunya. Ku rubuta tun farko, a karanta a gaban kowa, cewa duk canji, daga bakin ko wane ne, zai bi ta hannun manaja a rubuce, ya kai wa injiniya, a faɗi kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, sannan kwamiti ya yanke. Ku kuma rubuta cewa manaja na da ikon dakatar da aiki nan take ba sai ya jira taro ba, kuma ba za a sallame shi don ya yi hakan ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kun ba shi suna kun hana shi wannan iko, ɗan aike kuka ɗauka.

Ga waɗanda gininsu ya riga ya tashi kuma ana karatu a ciki, ku samo injiniya mai rajista ya zagaya kafin a ɗora ko bulo ɗaya a kai. Tsaga a karkace mai faɗaɗa, tsaga a jikin fila ko bim, ƙofar da ta fara cijewa, dekin da ya yi ciki, kankaren da ke ɓantarewa rodi na leƙowa da tsatsa: in an ga ɗaya daga ciki, a fitar da yara tukuna, a yi shawara daga baya. Filasta da fenti ba sa maganin ko ɗaya.

Ranar da aka gama, manaja zai miƙa muku fayil: izinin hukuma, sakamakon gwajin ƙasa da na kankare da na rodi, zanen ginin yadda aka gina shi a zahiri da duk canjin da aka yi, hotunan rodi kafin zubawa, da takardar injiniya mai faɗin hawa nawa fandishon zai iya ɗauka. A yi kwafi biyu, ɗaya wajen sakatare, ɗaya wajen liman, domin kwamitin da zai zo ya ce a ƙara bene wataƙila ba ɗayanku a cikinsa.

Allah ya karɓi aikinku, ya tsare mana zuri'a.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyi, magina da masu ƙididdigar kayan gini, Jos.